Babi na Shida: Takardar da Ke Cikin Kwalba

Darasi na 1

Sannunku da ƙoƙari, 'yan uwa. Duk wanda ya iso wannan babi ya iya rubuta sunansa da na garinsu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kun san Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, inda aka ajiye ganguna da makaman sarakunan Kabi. To, akwai gidajen tarihin da ake adana matattun dabbobi masu ƙashin baya a cikinsu: kifi, kwaɗo, maciji, tsuntsu, naman daji. Akwai irinsa a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Kula da su sana'a ce da ake cin abinci da ita. Ku da kuka tashi a bakin Matan Fada ba sai an nuna muku bambancin yauni da gaiwa ba. Rubutu kawai ya rage muku.

Darasi na 2

A ce ka kamo ƙurungu, ana so a adana shi. Kafin ka taɓa kwalba, ɗauki takarda mai kauri da fensir. Fensir na ce, ba biro ba. Takardar nan cikin kwalba za ta zauna tare da kifin, a cikin sifirit, kuma sifirit yana wanke tawadar biro. Rubutun fensir kuwa yana nan daram.

Abu uku za ka rubuta, kowane a layinsa. Fara daga sama, daga hagu zuwa dama.

Wuri: Matan Fada, Argungu, Jihar Kebbi
Rana: 12 Maris 2024
Wanda ya kama: sunanka da na mahaifinka

Yanzu mu tsaya kan layi na biyu, don a nan kowa ke tuntuɓe. Lambar rana tukuna. Bar ɗan fili. Sunan wata da haruffa. Bar ɗan fili. Sai shekara, lambobinta huɗu cif. Ɗora yatsa ka ƙirga: 2, 0, 2, 4. Huɗu ne? Madalla. Idan biyu ka gani, goge ka sake, babu kunya a ciki.

Wani dattijo a ajinmu ya rubuta takardarsa tsaf, harafi bayan harafi, har yana cije leɓe. Da na duba layin rana, sai na ga ya rubuta "jiya". Na ce masa, "Baba, wanda zai buɗe kwalbar nan bayan shekara 50, wace jiya zai nema?" Ya yi murmushi, ya miƙo hannu a ba shi magogi. Yau shi ke gyara wa na kusa da shi.

Sake rubutawa. Rana, wata da haruffa, shekara lamba huɗu. Kada ka rubuta 3 a madadin Maris, domin a Amurka wata suke fara rubutawa kafin rana, sai a karanta maka ita a juye. Rubuta sau biyar a littafinka.

Shi ma wuri, "gulbi" kaɗai bai isa ba. Wane gulbi? Na Argungu ko Kwara a Yauri?

Ina faɗin wannan kowane mako, amma har yanzu wasunku suna rufe kwalba suna cewa in sun je gida za su rubuta. Haba, jama'a! Kifin da ba a san ranar da aka kama shi da inda aka kama shi ba, mai bincike ba ya da abin yi da shi, an kashe shi a banza ke nan. Ku rubuta a nan bakin ruwa. Rana, wata, shekara.

Darasi na 3

Ana fara jiƙa kifi a fomalin, awo 1 a cikin ruwa awo 9, don kada ya ruɓe. Guba ne. Sa safar hannu, yi aikin a inda iska ke shiga, kada yara su matso. Bayan kwanaki a ɗauraye shi, a mayar cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100. Takarda ta shiga? Da kwanan wata?

Darasi na 4

Kowace kwalba tana da lambarta. Rubuta ta a takarda, ka kuma rubuta a babban littafi.

Darasi na 5

Ajiye kwalabe a inuwa, nesa da wuta. Riƙa dubawa, idan sifirit ya ragu a ƙara.