Yadda Uba Zai Shiga Wurin Ɗansa Ta Ƙofar Waƙa, Ko Da Yaron Bai Fara Magana Ba

Mu maza an raine mu a kan cewa rarrashi da waƙar raino aikin mata ne. Uba ya kawo cefane, ya yi gyaran murya a bakin ƙofa, gida ya natsu. In ɗan fari ne ma, ko sunansa ba ka iya kama wa a gaban manya, balle ka ɗora shi a cinya kana rera masa wani abu. Haka na taso a Mai Wurno, garin da kakanninmu suka kafa a Sudan, a bakin kogin Nil Azrak, bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903, haka kuma na yi niyyar tafiyar da gidana. Sai Allah ya ba ni auta wanda gyaran murya ba ta aiki a kansa.

Ya kai shekara uku bai ce "Baba" ba. A kira sunansa, kamar da bango ake. Ya fi son ya jera murafan kwalba a ƙasan angarib, gadonmu na igiya, in ka taɓa ɗaya gidan ya rikice. Sai da wani mai magani ya cinye mana kuɗin buhun riɗi biyu da sunan korar aljanu, sannan muka kai shi birnin Madani, wata likita ta ce tawahhud ne, abin da wasu ke kira otizim. A rediyo nakan ji ana cewa galahanga, amma kalmar tana tattaro larurori da yawa da ba ɗaya suke ba, shi ya sa nake kauce mata. Ba sammu ba ne, ba laifin uwa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin kiyasin kusan yaro 1 cikin 100 haka yake.

Bari in faɗi gaskiya tun daga farko, kada wani ya ce na sayar masa da maganin ƙarya: waƙa ba ta warkar da tawahhud. A 2017 an fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi wa yara 364 a ƙasashe 9, aka tarar waɗanda aka ƙara wa jinya da kiɗa ba su fi sauran samun raguwar alamomin larurar ba. Abin da waƙa ta ba ni daban ne, ta sama mini wurin zama kusa da yarona. Matakan da zan kawo kuma na kowane yaro ne, mai magana da marar magana.

Ga mai shakkar kayan kiɗa saboda saɓanin malamai, ba sai ka taɓa ko ɗaya ba. Murya da tafi sun isa. Bege, baitocin ishiriniya, madihun da muke ji a wajen maƙwabtanmu Larabawa, duk suna yin aikin.

Da farko, ka yi mako guda ba ka rera komai ba

Saurare kawai za ka yi. Wace ƙara yake gudu, wace yake bi? Nawa in raksha, wato babur mai ƙafa uku, ta wuce ko aka ta da janareta, sai ya toshe kunne ya shige bayan randa. Amma in uwarsa ta fara daka, sai ya zo ya tsaya jikin turmi yana kaɗa kai daidai da saukar taɓarya. Kiran sallar magariba kuma yakan sa shi ya saki abin da ke hannunsa. Akwai kuma wani ɗan gunaguni da yake yi shi kaɗai, sauti uku, ɗaya ya hau biyu su sauka, wanda na shekara ina ji ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

Ka tambayi uwarsa. Ta san duk wannan tun tuni, kai ne ba ka tambaya ba.

Ba sabon abu ba ne yaran nan su kama sauti kafin kalma. Likitan da ya fara bayyana larurar a rubuce a Amurka, Leo Kanner, a 1943 ya kawo labarin yara 11, kuma na farkonsu tun yana shekara ɗaya yake rera karin waƙoƙi da yawa daidai. Ba kowane yaro ne haka ba, kada ka zauna jiran Allah ya ba ka zabiya.

Waƙa ɗaya, lokaci ɗaya, wuri ɗaya

Zaɓi gajeriya, layi biyu zuwa huɗu, mai maimaici. In ka rasa, ɗauki gunagunin nan nasa ka ɗora masa kalmomi, ka saka sunansa a ciki. Lokacinmu bayan magariba ne, a kan angarib ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, kafin a kawo shayi. Minti biyar ya isa a makon farko, kada ya wuce goma. Ka tsaya tun yana so, kada ka jira ya gaji.

Waya kuwa ka bar ta a aljihu. Ba don tana da laifi ba, sai don ba ta jira. Tana rerawa ko yaro na nan ko ba ya nan, ba ta san ya ɗago kai ba. Kai ne za ka iya sassautawa in ya tsorata, ka ja in ya ji daɗi. Kada kuma ka ce muryarka ba ta da daɗi. Tawa in na ɗaga ta a gona jakuna ne ke amsawa, yaron bai taɓa kai ƙara ba.

Zauna a gefensa, ko a ƙasa yadda kanka ba zai fi nasa tsawo ba. Kada ka kama haɓarsa kana cewa "kalle ni". Yawancin yara masu tawahhud haɗa ido nauyi yake musu, kuma wanda ya juya maka ƙeya yana iya fin kowa saurarenka.

Ka zama ɗan amshi, shi ne sarkin kiɗa

Nan ne girman kai ke kayar da iyaye maza. Mun saba mu ba da umarni a bi. A wannan zaman kai ne mai bi. Ya buga jarka sau biyu, ka buga sau biyu. Ya tsaya, ka tsaya. Ya yi gunaguni, ka mayar masa da shi yadda ya yi, ba gyara.

Ranar da na fara, yana dukan wata jarkar mai da ba komai a cikinta da cokali. Na jawo bambar, 'yar kujerarmu ta ƙasa, na zauna nesa kaɗan, na kifa tasa, na riƙa maimaita duk abin da ya buga. An daɗe bai kula ba. Can sai ya buga ɗaya, ya dakata da cokalin a sama. Na buga ɗaya. Ya buga uku da sauri, ya saci kallon tasata ta gefen ido. Ba ni ya kalla ba, tasar ya kalla, amma ya gane akwai wani a duniya da ke amsa masa. Uwarsa na bakin murhu tana gasa kisra, gurasarmu ta dawa, sai da wadda ke kan wuta ta ƙone.

Masana ma sun ga irin wannan. A 2014, a Jami'ar McMaster ta Kanada, an riƙa girgiza jarirai 'yan wata 14 a kan kiɗa, wani babba yana gabansu yana motsi, wani lokaci daidai da su, wani lokaci a saɓe. Jariran da motsinsu ya zo ɗaya da nasa sun fi miƙa masa abin da ya yar a ƙasa daga baya. Wato tun kafin baki ya buɗe, jiki ya san wanda ke tafiya tare da shi. Matan da ke daka uku-uku a turmi ɗaya ba su buƙaci jami'a ta gaya musu ba.

In yana yarda a taɓa shi, ɗora shi a cinya ka riƙa jijjiga shi daidai da karin. Wasu sun fi son riƙo mai ɗan ƙarfi a kan shafa sama-sama. In ya zame, ƙyale shi ya zame, ka ci gaba da rerawa.

Yanzu ka bar masa gurbi

In ka manta komai, kada ka manta wannan. Bayan ya ji waƙar kullum na mako biyu ko uku har ta zauna masa, sai ka rera ta kamar yadda ka saba, ka zo kan kalmar ƙarshe, ka yi shiru. Tamu ta wanke hannu ce, ni na ƙirƙire ta: "Ruwa ya zo, ruwa ya zo, hannu ya sha, ƙafa ta…" Sai in tsaya da buta a karkace, ba na zubawa.

Shirun nan yana da wuya. Ƙirga goma a zuciyarka, a hankali. Za ka ji kamar shekara, bakinka zai yi ƙaiƙayin cikawa, yayyensa za su so su faɗa masa. Hana su. Yaro mai tawahhud yakan ɗauki lokaci kafin abin da ya ji ya koma amsa, mu kuma gaggawarmu ce ke rufe masa ƙofa kafin ya iso. In goma ta cika bai yi komai ba, ƙarasa da kanka cikin fara'a, gobe ma rana ce.

Kuma duk abin da ya bayar amsa ce. Ya miƙo ƙafa, amsa ce. Ya tura butar, ya yi ƙara, ya ɗago ido na ƙiftawa ɗaya, duk ka karɓa, ka zuba ruwan nan take don ya ga motsinsa ne ya jawo ci gaban waƙar. Kada ka mai da abin jarrabawa, kana "faɗi mana, ƙafa ta me?" Da zarar ya ji an tsare shi, wasan ya mutu.

Nawa ya yi kusan wata biyu yana miƙo ƙafa kawai. Wata rana na tsaya a kan "ƙafa ta…", sai na ji "sa". Sha yake nufi. Ni kuwa na zabura na ƙwala kabbara har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Yaro ya toshe kunne ya ruga, kwana uku bai yarda ya zo kusa da buta ba. Don haka in naka ya zo, haɗiye murnarka, ka yi murmushi, ka zuba ruwa. Kukan daɗin ka je bayan ɗaki ka yi.

Kai waƙar inda ake rigima

In ta kama, yi wata don wanka, wata don aski, wata don sa takalmi. Yaran nan abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne rashin sanin me zai biyo baya, waƙa kuwa tana da farko tana da ƙarshe, yaro ya san in ta ƙare an gama. Ka ware guda ɗaya ta rufewa, kullum da ita ake tashi.

Amfanin wannan ban gan shi sosai ba sai da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya iso jiharmu ta Sinnar a tsakiyar 2024, muka kwashi abin da ya samu muka nufi Gadarif a gabashin ƙasar. Angarib ɗinsa, rakubarsa, randar da yake ɓuya a bayanta, duk mun baro su. A bayan babbar mota, cikin mutane da kaya da kukan yara, ya fara dukan kansa. Na sa bakina a kunnensa na rera masa waƙar magariba ƙasa-ƙasa, na sake, na sake, har muryata ta dushe. Bai yi barci ba, amma ya daina dukan. Cikin duk abin da ya sani a gida, ita kaɗai ce ta hau motar tare da mu.

In aiki ya raba ku

A nan Gadarif, in kaka ta yi, uba yakan yi makonni a gona, don riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa. Wasu kuma suna Jidda ko Riyad, sai shekara-shekara. Ka naɗi waƙar da muryarka ka turo ta WhatsApp duk lokacin da layi ya samu, uwarsa ta sa masa a lokacin da kuka saba. Ka bar gurbin nan a cikin naɗin, ka yi shirunka na ƙirga goma kamar yana gabanka. Waƙar dai da ya sani, kada ka sauya don kai ka gaji da ita.

Taro sai daga baya

Shigo da yayyensa ɗaya bayan ɗaya, kowa da juyinsa na bugu. Maulidi da biki da wurin zikiri kuwa, a yi a hankali. Tsaya daga nesa, ta inda za ka iya fita ba tare da ka ratsa mutane ba. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi wa kunnen yaro yawa. Ya fara toshe kunne ko kai-komo, ku tafi, ko da yanzu aka sauke tukunya. Masu cewa ka sangarta shi ba su ne za su kwana da shi ba.

Duk wannan ba ya maye gurbin likita. Yaron da ya kai wata 12 ba ya nuni da yatsa, ko wata 16 ba kalma ko ɗaya, ko shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko ya fara magana ta ɓace, a kai shi a duba, a fara da gwajin ji.

Wani dare ina tsakiyar rera wa auta, na hango ɗan farina, mai shekara 15, a jingine da ƙofa da abin sauraro a kunne ɗaya. Shi ban taɓa yi masa ba, kunya ta hana. Da aka gama na ce, "Kai, me kake ji ne haka?" Ya ce, "Ba za ka so ba, Baba." Na ce ya kawo. Ya zo ya zauna a bakin tabarma, ya miƙo mini ɗaya kunnen. Gaskiyarsa, ban so ba, hayaniya ce zalla. Na ce ya sako ta biyu.