Darasi na 7: Mu ƙirga kanmu da kanmu

To jama'a, darasin yau lissafi ne amma na mutane, kuma za mu ɗauki misali da Sukur, ƙauyen nan da ke kan duwatsun Mandara a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru. Sarkinsu Hidi ake ce masa. A 1999 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka wurin cikin wuraren tarihi na duniya saboda gonakinsu da suka tare da duwatsu hawa-hawa a jikin tsauni, da hanyoyin da aka shimfiɗa da dutse, da tsohuwar sana'arsu ta narka tama. Amma duk da wannan suna, adadin mutanen ƙauyuka irin wannan kam sai dai ƙiyasi, domin rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta, ga kuma rikicin Boko Haram na 2014 da ya tarwatsa jama'ar yankin, wasu sun dawo wasu har yau suna can inda suka yi hijira.

Abin da ke ci min rai shi ne, ƙauyen da ba shi da adadi a rubuce shi ake tsallakewa ranar rabon taki ko gidan sauro ko turo malaman firamare, balle wanda sai an hau dutse ana haki kafin a kai gare shi.

Ga aikin. Ɗauki littafinka ka raba shafi gida 4: sunan maigida, yawan mutanen gida, masu karatu, sai aikin kowa. Ka fara sanar da mai unguwa tukuna, sannan ka rubuta gidanka da na maƙwabta 4. Wani zai ƙi faɗin yawan 'ya'yansa don tsoron haraji ko kambun baka, kar ka yi masa gardama, ka lallaɓa shi ka nuna masa naka gidan ma ga shi a layin farko.

Wajen karatu kar ka ce "ka yi makaranta?" Ka tambaya ko zai iya karanta saƙo a waya ko takardar asibiti. Mai ajami ya iya karatu, ka saka shi, haka ma dattijuwar da ke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Wajen aiki ne ake yawan zaluntar mata fa. Matar da ta ɗauko tulun ruwa ta hau da shi dutse, ta gyara duwatsun gona da ruwan sama ya ture, ta yi noman wake, ta matse man gyaɗa ta sauko da shi kasuwa a ka, wallahi ba daidai ba ne a rubuta mata "ba ta aiki". Rubuta noma da sana'a. Samarin da suka tafi Mubi ko Yola cirani su ma 'yan gida ne, ka ƙirga su ka sa alama a gefen sunansu.

Gwaji: a ce gidaje 5 ɗin nan mutum 40 ne, masu karatu 10. Raba 40 da 10, ka samu 4, wato cikin kowane mutum 4 ɗaya ne ya iya karatu. Yanzu yi naka, maza daban mata daban, ka zo da littafin aji mako mai zuwa mu haɗa na kowa a allo, mu kai wa mai unguwa kwafi.