Yadda Ake Zaɓar Injin Kwashe Dusar Ƙanƙara Mai Haɗawa da Tarakta

Taraktar da kake da ita ce ke zaɓa maka injin, don haka daga gare ta ake farawa. Abubuwa uku za ka rubuta kafin ka kalli kowane inji: ƙarfin dokin da sandar PTO ke bayarwa, faɗin taraktar daga bayan taya zuwa bayan ɗaya tayar, da wurin da PTO ɗin yake, a baya kaɗai ko har da tsakiya. PTO ita ce sandar da ke juyawa ta kai ƙarfin injin tarakta ga kayan aikin da aka maƙala mata. Ƙarfinta bai kai lambar da aka rubuta a jikin tarakta ba. Ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 24 ko 25 a inji, abin da ke isowa sandar yakan tsaya wajen 18 zuwa 20. Wannan lambar ta biyu ce za ka yi lissafi da ita.

Sai ka auna aikin. Hanyar shiga gida mai tsawon mita 60 da faɗin mita 3.5, idan dusa ta taru santimita 30, ka samu kubik mita 63 na dusa ke nan. Busasshiyar dusa mai laushi tana kusan kilo 100 a kowace kubik mita ɗaya, wato sama da tan 6. Jiƙaƙƙiya wadda ta kwana ta danne kan ninka haka sau uku ko fiye. Wadda ta fi kowacce tsanani kuwa ita ce tudun da motar share titi ke bari a bakin hanya, mai gishiri da dunƙulen ƙanƙara. Injin da ya iya cin wannan tudun, sauran hanyar ba za ta ba shi wahala ba.

Faɗin injin

A nan mutane suka fi yin kuskure, kuma ta fuska biyu. Idan injin bai kai faɗin tayoyi ba, tayoyin za su riƙa taka dusar da ba a kwashe ba, su danne ta, washegari ta zama ƙanƙara mai santsi. Idan kuma ya yi faɗi da yawa, ƙarfi ba zai ishe shi ba: za ka ji sautin injin tarakta yana faɗuwa, fankar da ke cilla dusa ta rage gudu, dusa ta riƙa zubowa a gindin bututun da take fita ta cikinsa maimakon ta tashi, daga nan bututun ya toshe.

Abin da ake so shi ne ya zarce faɗin tayoyi da inci biyu zuwa huɗu gaba ɗaya. Masu wannan aiki suna da ma'aunin da suke bi, kusan ƙarfin doki 5 na PTO ga kowace ƙafa ɗaya ta faɗi. Da ƙarfin doki 18 zuwa 20, inji mai kusan inci 48 ne naka. Mai inci 60 zuwa 64 yana son 25 ko sama. Idan dusar wurinku jiƙaƙƙiya ce galibi, ɗauki ƙaramin a cikin biyun da kake kokwanto. Zagaye ɗaya na ƙari ya fi sauka kana buɗe toshewar bututu sau biyar cikin sanyi.

Gaba ko baya

Na baya yana hawa maƙala mai hannu uku da ke bayan tarakta, inda ake rataye kayan aiki, kuma sandar baya mai juyi 540 a minti ce ke tuƙa shi. Shi ne mafi sauƙin haɗawa, mafi araha, kuma zai dace da kusan kowace tarakta mai maƙala aji na 1, wato girman da ƙananan taraktoci ke da shi. Yana barin cokalin gaba, wato bokitin ɗibar kaya da ke gaban tarakta, a wurinsa, abin da ke da amfani sosai wajen fasa daskararren tudu. Illarsa ɗaya ce, amma babba: da ribas ake aikin, wuya a murɗe tun farko har ƙarshe. Hanya gajera miƙaƙƙiya ba komai. Mai tsawo da lanƙwasa, ko mai ciwon wuya ko baya, ya yi tunani sosai.

Akwai na baya wanda bakinsa ke kallon gaba, ana jan sa. Tarakta ce ke fara ratsa dusar sannan injin ya kwashe, saboda haka idan dusa ta wuce tsayin cikin taraktar sai ta maƙale. Amfaninsa shi ne ka yi ribas har bakin ƙofar gareji, ka sauke, ka jawo dusar waje.

Na gaba ya fi daɗin aiki nesa ba kusa ba, kana ganin abin da kake ci. Sai dai yana bukatar PTO na tsakiya, wanda juyinsa ke kusan 2,000 zuwa 2,500 a minti, da firam na musamman da aka yi wa samfurin taraktarka. Firam ɗin Kubota ba zai hau John Deere ba, kuma ranar da ka sauya tarakta mai yiwuwa injin ya zama ba naka ba. Sau da yawa kuma sai an cire cokalin gaba.

Idan taraktarka ta yankan ciyawa ce, galibi na gaba mai aiki da bel ne zaɓinka, inci 42 zuwa 48. Yana yi wa hanya mai kwalta ko siminti, amma irin wannan tarakta ba ta da nauyi, dole a sa mata sarƙa a tayoyin baya da nauyi a bayanta, in ba haka ba tayoyin za su yi ta juyawa a wuri ɗaya.

Abin da za ka duba a jikinsa

Ka ɗauki mai mataki biyu: murɗaɗɗen ƙarfe a gaba yana tattaro dusa zuwa tsakiya, fanka a bayansa tana cillawa ta bututu. Girman fankar da zurfinta su ne ke nuna yawan dusar da zai haɗiye, sun fi faɗin baki muhimmanci. Duba tazarar da ke tsakanin fikafikan fanka da bangon gidanta. Idan ta yi yawa, jiƙaƙƙiyar dusa na zamewa ta gefe, nisan jifa ya ragu.

Ƙarfen gogar ƙasa ya zama mai kwancewa da noti, domin zai cinye. Takalman gefe biyu su zama masu ɗagawa da saukewa. A kan kwalta, a bar bakin ya kusan taɓa ƙasa. A kan tsakuwa, ɗaga shi kusan inci ɗaya, ka bar dusar farko ta danne ta zama shimfiɗa, in ba haka ba injin zai riƙa harba duwatsu, kuma dutsen da fanka ta cilla yana fasa gilashin taga ko na mota.

Juya bututu ana yin sa da hannu, ko da lantarki, ko da haidirolik. Kada ka raina wannan, domin a aiki ɗaya za ka juya shi sau da dama saboda iska da gini. Na haidirolik yana bukatar mahaɗar mai a bayan tarakta, ka tabbata kana da ita kafin ka saya.

Sai kusar kariya. Wata kusa ce da aka yi ta don ta karye idan murɗaɗɗen ƙarfen ya haɗiye abu mai tauri, kamar daskararriyar jarida, tabarmar ƙofa ko sarƙar kare. Ita ke karyewa a madadin giyabos. Ajiye aƙalla shida da sufana biyu a kan tarakta, kuma kada ka musanya ta da wadda ta fi ta tauri. Girma da ajin da littafin injin ya faɗa, shi kaɗai za ka sa.

Taraktar kanta

Giyar haidirostatik, wato mai aiki da matsin mai, ta fi dacewa, domin tana barin ka rage tafiya har kamar rarrafe alhali PTO na kan cikakken gudunta. Mai giyar hannu ya duba ko ribas ɗinsa mafi ƙanƙanta yana tafiya a hankali sosai, don ribas mai sauri yana cusa wa injin fiye da abin da zai iya cillawa.

Sabuwar sandar da ke haɗa tarakta da injin takan zo da tsawo, sai an yanke ta daidai. Auna ta a inda tazarar ta fi gajarta yayin ɗaga maƙala. Idan ta yi tsawo za ta tokare ta lalata giyar tarakta. Idan an yanke da yawa, ɓangarorinta biyu za su rabu. Su kasance sun shiga juna aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu.

Man dizal na bazara yana yin kauri cikin tsananin sanyi ya toshe matata, don haka a zuba na hunturu, a sa wa injin taraktar hita idan a waje take kwana. Kafin ƙasa ta daskare, kafa sanduna masu ƙyalli a gefen hanya. Idan bututu ya toshe, kashe PTO, kashe tarakta, cire makulli, jira komai ya tsaya, sannan ka zaƙulo dusar da sanda. Ko inji a kashe, fankar da ta cije tana iya zabura da zarar an cire abin da ya tokare ta, kuma yatsu take yankewa.