Yadda ake farfaɗo da gajerun wasannin 'yan tsana da suka kwanta a takarda

Duk shirin yara na talabijin da ake yi da 'yan tsana, abin da ya kai ga idon mai kallo kaɗan ne cikin abin da aka rubuta. Sauran suna jibge a littattafan marubuta da cikin kwamfuta. Wani layi biyu ne kacal, wani kuwa an gama shi tsaf, darakta ya karanta ya girgiza kai. Yawancinsu abu ɗaya ne ya kwantar da su: an rubuta su kamar mutum mai yatsu goma ne zai yi wasan, babba kuma zai kalla. Alhali mai wasan soso ne da ƙyalle a hannun wani da ya ɗaga dantsensa sama da kansa, mai kallon kuma ɗan shekara huɗu ne. Idan kana da irin wannan tari, ga yadda za ka bi ka fitar da wanda zai ɗauku.

Mataki na 1: Tsaya a kan darasi ɗaya

Ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta a saman kowanne abin da yaro zai iya yi bayan ya kalla, a jimla guda. "Zai san muhimmancin tsafta" ba jimlar aiki ba ce, don ba wanda zai iya auna ta. "Zai bambanta ciki da waje", ko "zai san idan aka cire ɗaya daga uku saura biyu", waɗannan su ne ake nema. Wanda ka ga jimlarsa tana neman "da kuma" sau biyu, wasa uku ne suka cakuɗe, raba su. Wanda ya ƙi ba da jimla sam, ajiye shi gefe.

Shirin Sesame Street na Amurka, wanda ya fara fita ranar 10 ga Nuwamba, 1969, a kan wannan tsari aka gina shi. Masana ilimin yara ƙarƙashin Gerald Lesser na Jami'ar Harvard ne suka tsara manufofin karatun, aka tara su a wani kundi na marubuta, kowace manufa da bayanin yadda ƙaramin yaro yake fahimtarta. Marubutan kuwa masu rubuta barkwanci aka ɗauko, don an lura ya fi sauƙi a koya wa mai ban dariya manhaja a kan a koya wa malami ban dariya.

Mataki na 2: Bari darasin ya zama shi ne abin dariyar

A nan ne aikin yake, kuma a nan wasanni da yawa suke faɗuwa. Za ka ga 'yan tsana biyu suna ta shirme na minti biyu, sai a ƙarshe wata dattijuwar 'yar tsana ta leƙo ta ce, "To yara, kun ga amfanin ƙidaya ko?" Yaro ya yi dariyarsa a wurin shirmen, lokacin da wa'azin ya zo ya riga ya juya yana wasa da takalminsa. Hanyar gane wannan cuta mai sauƙi ce: cire darasin daga cikin wasan. In har dariyar tana nan daram, to darasin liƙa shi aka yi.

Ga misalin da na tsara don a gani a kusa. A takarda an rubuta: "Bushiya tana sayar da balan-balan, tana koya wa yara ƙidaya." Ra'ayi ne mara rai, don babu abin da Bushiya take so, babu abin da ya tsaya mata a gaba. Yanzu a ba ta buri: tana son ta rungumi wani abu, ita kuwa jikinta duk ƙaya. Tana da balan-balan uku.

BUSHIYA: Kunkuru, zo ka ga 'ya'yana. Ɗaya, biyu, uku! Wannan jan ya fi kowa kyau. Zo nan, ɗan lele.
(Ta rungume shi. Fus!)
KUNKURU: Nawa suka rage, ƙawata?
BUSHIYA: (Ta juyo ta dubi kyamara, ta yi shiru na ɗan lokaci.) Ɗaya, biyu. Biyu ne. To wannan karon a hankali zan yi.

Karo na biyu ta matso a hankali, tana raɗa masa, ya sake fashewa. Karo na uku yaron da ke gida ya riga ya san abin da zai faru, har yana ihu yana hana ta. Wannan shi ne ribar maimaitawa sau uku: na farko ya nuna doka, na biyu ya tabbatar da ita, na uku yaro ya riga 'yar tsana sani, kuma babu abin da ke faranta wa ɗan shekara huɗu rai kamar ya fi wanda ke cikin talabijin wayo. Ga ragewa daga uku zuwa babu an yi ta a gaban idonsa, kuma ba za ka iya cire lissafin ba tare da wasan ya rushe ba.

Saura ƙarshe. Gajeren wasa da ba shi da ƙarshe mai kama hankali ba ya wuce teburin furodusa. Bushiya ta zauna jugum, ba ko ɗaya. Kunkuru ya juya mata baya ya ce, "Gwada nan." Ta rungumi ƙoƙon bayansa, suka jira, shiru, bai fashe ba. Ta ƙidaya shi: "Ɗaya!"

Shirun da ta yi tana duban kyamara rubuta shi za ka yi a cikin takarda, ka ma sa daƙiƙa nawa ne. In ba haka ba mai tace hoto zai ɗauka ɓata lokaci ne ya yanke shi, alhali a nan ne yaro yake ba da amsa.

Mataki na 3: Tambayi hannun da zai yi wasan

Marubucin da bai taɓa zura hannu cikin 'yar tsana ba yakan rubuta abin da ba zai yiwu ba. Iri biyu aka fi amfani da su a talabijin. Akwai wadda mutum ɗaya yake riƙewa: hannunsa ɗaya na cikin kai yana motsa baki, ɗayan yana juya siraran sanduna da aka ɗaura wa hannuwanta. Irin wannan tana nuni, tana tafi, tana dafe kai, amma ba ta ɗaukar komai. In ka rubuta "ta ɗauki cokali", sai an tsayar da ɗauka, an liƙa mata shi a tafi, an ci gaba daga wata kusurwa. Akwai kuma mai hannuwa kamar safar hannu, wadda take iya damƙar abu da gaske, sai dai tana cin mutum biyu: babban mai sarrafawa yana riƙe da kai da hannu ɗaya, mataimaki yana ba da ɗayan hannun, suna manne da juna a ƙasa. Ke nan fitowar da ka cusa wa irin waɗannan guda huɗu, mutum takwas ka tara a wuri ɗan ƙanƙane.

Masu sarrafawar ba sa ganin 'yar tsanar da idonsu. Ƙaramin allon talabijin suke kallo a ƙasa, wanda ke nuna musu abin da kyamara take gani, kuma ba kamar madubi yake ba: in ka kai hannu dama, a allon za ka ga ya nufi hagu. Caroll Spinney, wanda ya shafe kusan shekara 50 a cikin rigar katon tsuntsun nan Big Bird, allon a ƙirjinsa yake ɗaure, hannunsa na dama kuma a miƙe sama cikin kan tsuntsun. Ka ɗaga naka hannun sama na minti uku kana buɗe yatsu da kowace gaɓar kalma, za ka gane dalilin da ya sa dogon jawabi ba ya yi wa 'yar tsana kyau. Gajerun jimloli, motsi mai yawa, minti biyu zuwa uku.

Sai ka bi rubutunka da jan biro kana neman waɗannan: ƙafafu, ruwa, cin abinci, gudu, ɗaukar kaya. Galibi daga ƙugu zuwa sama ake nuna 'yar tsana, don haka wasan ɗaure igiyar takalmi ya mutu tun a nan, sai dai in yaro na gaske ne zai ɗaure. Wasan wanke hannu ma haka: ruwa da sabulu suna lalata gashi da soso, kuma ɗinka sabuwa aiki ne na makonni. Mafita ita ce a raba aikin. Yarinya ta gaske ta tsaya a bakin famfo tana cuɗa hannu, Agwagwa na gefe tana rera 'yar waƙa mai tsawon daƙiƙa 20, wato gwargwadon lokacin da masana lafiya suke so a ɗauka ana cuɗawa, tana ta ƙorafin an hana ta shiga ruwan. Haɗa mutane da 'yan tsana ba rage daraja ba ne. A gwajin da aka yi wa Sesame Street a birnin Philadelphia kafin ya fita a 1969, an ga hankalin yara yana gushewa da zarar mutane zalla suka cika allo, shi ya sa aka yi watsi da shawarar masana ta raba su, aka sa 'yan tsana suna yawo a unguwa ɗaya da mutane.

Wani lokaci ma iyakar 'yar tsanar ce take ba ka wasan. Kunkuru ba ya iya komai sai shigar da kai da fito da shi, to ga darasin "ciki" da "waje" a kyauta. Mai gabatarwa ya ce zai nuna wa yara kunkuru a waje, ya juyo, kan ya shige. Ya ce to ga shi a ciki, kan ya leƙo. Mai sarrafawa ɗaya, kyamara ɗaya, ba kayan ado. Ni dai irin wannan na fi so a fara da shi, don furodusa ba shi da hujjar kuɗi da zai ƙi shi.

Mataki na 4: Duba abin da yaro zai kwaikwaya

Ƙaramin yaro abin da ya gani yake ɗauka, "kada" da aka faɗa a ƙarshe takan wuce shi. Wasan da 'yar tsana take ƙyasta ashana sannan a tsawata mata ya koya ƙyasta ashana. A Sesame Street an taɓa yin wani ɗan tsana mawaƙi, Don Music, da yake buga kansa a jikin fiyano idan waƙa ta kakare masa. Manya sun sha dariya, yara suka fara gwadawa a gida, aka janye shi. Don haka a wasan Bushiya kada a ga allura ko tsinke a allo. Mataimaki ya fasa balan-balan ɗin daga ƙasa inda kyamara ba ta kai ba, a kuma rage ƙarar a wurin tacewa, a sa wani sauti mai laushi, don fashewar gaske tana firgita 'yan shekara uku. Idan kuma 'yar tsana za ta yi kuskure a ƙidaya ko a harafi, a gyara nan take, kuma amsar daidai ta fi kuskuren yawan fitowa.

Mataki na 5: Kai wa masu shi su gani

Ba sai ka jira sitidiyo ba. Safa biyu da maɓallai, waya a kan tebur, ka ɗauki wasan yadda yake. Nemi izinin iyaye, ka nuna wa yara kaɗan masu shekarun da kake nufi, ka ajiye musu kayan wasa a gefe da gangan. Edward Palmer, wanda ya jagoranci bincike a farkon Sesame Street, haka ya yi da na'urar haska hotuna a gefen talabijin, tana sauya hoto kusan kowace daƙiƙa takwas, masu bincike suna rubuta lokacin da idon yaro ya bar shirin. Kai ma fuskokinsu za ka kalla, ka rubuta daƙiƙar da aka juya kai.

Bayan an gama kada ka tambaya "Ya yi daɗi?", don kowane yaro "e" zai ce maka. Ce masa ya ba ka labarin abin da ya faru. Ko ka ajiye duwatsu uku, ka ɗauke ɗaya, ka ji me zai ce.

Ka kuma shirya jin abin da ba ka so. A 1992 masu Sesame Street sun rubuta, suka ɗauki cikakken shiri a kan rabuwar aure, da shawarar masana a kowane mataki. Da aka gwada shi, wasu yaran suka tashi da fahimtar cewa duk gardamar iyaye rabuwa ce, wasu kuma suka ɗauka iyayen da suka rabu sun daina son 'ya'yansu. An riga an kashe kuɗi, amma ba a taɓa haska shi ba.

Mataki na 6: Shafi ɗaya, sannan ma'aji

Wanda ya tsallake duk wannan, mayar da shi shafi ɗaya kafin ka miƙa: suna, manufa a jimla guda, shekarun masu kallo, 'yan tsana nawa da masu sarrafawa nawa, kayan da za a haɗa, tsawon lokaci, matakan labarin, da yadda ya ƙare. Cikakkiyar tattaunawa ta biyo baya in an nema.

Waɗanda suka faɗi kuma kada ka goge su. Rubuta dalilin faɗuwar kowanne a gefensa, "mutum takwas", "ruwa", "yara sun tsorata", "ba ƙarshe", ka jera su bisa dalilin. Dalilai suna sauyawa: a ɗinka sabuwar 'yar tsana mai damƙa, a samu yaro mai iya wasa, ko manhajar shekara mai zuwa ta nemi abin da aka ƙi bana. Batun rabuwar auren nan sai a 2012 aka koma masa, da wata 'yar tsana mai suna Abby Cadabby, wadda take ba da labarin gidajenta biyu bayan abin ya daɗe da wucewa, kuma aka fitar da shi ta intanet don iyalan da abin ya shafa su kalla tare da babba a kusa.