Yadda ake haɗa kajin Asil har a samu 'yan tsaki

Masu ta tambayata kan kajin nan na Indiya da Pakistan masu dogon wuya da faɗin ƙirji, to ga shi a taƙaice, kuma haka ake yi wa kajin Shamo na Japan ma.

1. Zaɓi zakaran da ya kai shekara ɗaya, don irin nan ba sa saurin balaga.
2. Ware masa keji shi kaɗai.
3. Saka masa kaza biyu ko uku waɗanda ba 'yan uwansa ba.
Hattara: kar ka kuskura ka haɗa zakaru biyu wuri ɗaya ko da kejin ya kai fili girma, wallahi sai ɗaya ya kwanta, matan ma kansu suna dambe.
4. Kwashe ƙwai kullum.
5. Ajiye su a inuwa, tsinin yana kallon ƙasa.
6. Kar su wuce kwana 7 a ajiye.
7. Da kaza ta fara kwanci, sa mata ƙwai guda 8 zuwa 10. Asil ba ta da yawan ƙwai amma wajen kwanci da reno ba ta da wasa, ni na fi yarda da ita a kan injin ƙyanƙyasa.
8. A kwana na 10 haska ƙwan da tocila, wanda ka ga fayau, wato ba ɗan tsako a ciki, cire shi.
9. Jira kwana 21 daga ranar da ka sa mata ƙwan su ƙyanƙyashe.
10. Ba 'yan tsakin rigakafin Lasota (na cutar Newcastle) da na cutar Gumboro yadda likitan dabbobi ya tsara maka.
11. Raba 'yan tsakin da zarar sun fara saran juna, nan ne mutane ke sakaci har wani ya rasa ido.