Yadda za ka ɓullo wa rigima da dillalin da ya ba ka mota haya-fachis

Ranar karɓar makulli kowa fara'a yake yi, ana ta "Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare hanya". Sai tafiya ta yi nisa ake jin kan juna. Giya ta fara ba da matsala, kai ka ce da ciwonta aka ba ka, Alhaji ya ce kai ka kashe ta. Ko littafinsa ya nuna miliyan huɗu ka biya, naka lissafin ya ce biyar. Ko ka fito sallar asuba ka tarar yaransa sun zo da ɗaya makullin sun yi gaba da motar.

Kafin komai, abu biyu ne kada ka yi ko ranka ya kai maƙura wajen ɓaci: kada ka tsayar da biya don huce haushi, kada kuma ka ɓoye motar ko ka cire mata tiraka, wato na'urar da ke nuna inda mota take. Duk wanda ka yi a ciki, ka miƙa wa dillali sandar da zai doke ka da ita, dalilin kuwa yana nan tafe.

Mataki na farko: ɗauko takardar yarjejeniya ka gano me ka sa wa hannu. A tasha duk "na ɗauko mota bashi" ake cewa, amma ciniki uku ne daban-daban. Akwai haya zalla, ka hau na shekara biyu ko uku ka mayar wa mai ita. Akwai haya-fachis, inda motar ta dillali ce har ranar da ka yi biyan ƙarshe, sannan ta zama taka. Akwai kuma sayarwa bashi, inda motar ta zama taka tun ranar ciniki, kuɗi kawai ake bin ka. Idan haya zalla ce, rigimar ba ta wuce wa zai yi gyara, kilomita nawa aka yarje maka, da wace lalacewa ce ta yau da gobe wadda ba a cajin mutum a kanta, kuma amsar tana cikin takardar. Idan haya-fachis ce, wadda ita ta fi yawa tsakanin direbobin haya da masu adaidaita sahu a Najeriya, to akwai doka ta musamman tun 1965, kuma ta shafi kowace irin mota komai tsadarta.

Dokar ta ce sai an rubuta yarjejeniyar, ka sa hannu, an bayyana farashin motar da a ce kuɗi hannu ka saya, da jimillar farashin haya-fachis, da adadin kowane biya da ranarsa, sannan a ba ka kwafinka cikin kwana 14. Dillalin da bai yi haka ba, shi ma ƙafarsa ba ta tsaya daidai a gaban alƙali ba. Don haka in har yau ba ka da kwafi, nema a rubuce. Da yawa daga cikinmu kunya ke hana mu, wai kada Alhaji ya ga kamar ba a yarda da shi ba. Shi kuwa Alhajin bai ji kunyar karɓar hotonka da na mai tsaya maka ba.

Mataki na biyu shi ne lissafi, kuma nan nake so ka zauna sosai. Tattaro komai: rasit, saƙon banki na kowane turi, bayanin asusunka daga banki, saƙonnin WhatsApp, har muryar da ya turo yana cewa "na gani". Wanda ka biya hannu da hannu ba rasit, tuno ranar da wanda aka yi a gabansa. Ka jera su a takarda ɗaya, rana da adadi, ka fara da kuɗin kafin alƙalami, domin shi ma yana cikin abin da ka biya. Sannan ka rubuta wa dillali ya ba ka nasa lissafin: nawa ka biya, nawa ya rage, yaushe ne wa'adin kowanne. Ka ɗora biyun gefe da gefe. Sau da yawa ɓarakar tana fitowa ne daga tarar jinkiri da babu ita a yarjejeniya, ko kuɗin inshora da na tiraka da aka cusa daga baya, ko balas ɗin da ka ba yaron shago bai shigar ba.

Amfanin lissafin ga shi. Idan abin da ka biya ya kai kashi uku cikin biyar na jimillar farashin, dillali ba shi da ikon ƙwace motar da hannunsa, sai ya bi ta kotu. A ce an yi ciniki a kan naira miliyan 10, ka ba da miliyan 2 kafin alƙalami, ka biya wasu miliyan 4 a hankali: ka kai miliyan 6, ka tsallake layin. In ya ƙwace bayan haka ba da izinin kotu ba, yarjejeniyar ta rushe, ba ya bin ka komai, kuma kana da damar neman a dawo maka da duk abin da ka biya. Wanda ya tsaya maka shi ma ya fita. Haka nan duk sharaɗin da ya ce dillali na iya shiga gidanka ya ɗauki mota, dokar ta ce banza ne ko da ka sa masa hannu.

Amma akwai ƙofar da aka buɗe wa masu motoci a gyaran da aka yi wa dokar a 1970. Idan biya uku ko fiye suka taru a kanka, mai mota na iya ɗauke ta ya ajiye a wurinsa don kada ta lalace, har kotu ta yanke hukunci. Ka ga abin da ya sa na ce kada ka tsayar da biya. Mutum ya sha wahala ya kai miliyan 7, ya yi fushi a kan kuɗin gyaran giya ya ƙi biya sau uku, da hannunsa ya ba da motar. Ci gaba da biya ta banki, ka rubuta cewa kana biya ne alhali ba ka janye ƙorafinka ba.

Idan rigimar ta lafiyar mota ce, kai ta wurin bakaniken da ba naka ba kuma ba na dillali ba, ya duba ya rubuta abin da ya gani, da lambar shasi da kilomitar da ke kan agogo. Ɗauki hotuna masu kwanan wata. 'Yar Kwatano ce ko wadda aka hau a gida, ba a sa ran ta yi kamar sabuwa, amma injin da aka lallaɓa don ya kai ranar ciniki magana ce daban.

Mataki na uku: zama. Je wurinsa da mutum ɗaya mai natsuwa, ba gayyar 'yan tasha ba. Gaishe shi yadda aka saba, sannan: "Alhaji, ga abin da takarda ta ce, ga abin da na biya, ga inda muka saɓa. Abin da nake nema shi ne kaza." Ka tafi da buƙata guda bayyananniya, a cire tarar, ko a raba kuɗin gyara, ko a dawo da motar ranar kaza. Duk abin da aka amince, a rubuta nan take a sa hannu. In bai saurare ka ba, aika masa wasiƙar neman haƙƙi mai wa'adi, kwana bakwai ko goma sha huɗu, ka riƙe kwafin da aka sa wa hannun karɓa.

Daga nan sai masu shiga tsakani. Shugabannin ƙungiyar dillalan motoci na kasuwar da yake, ko na ƙungiyar direbobinku, sukan kashe irin wannan wutar a zama ɗaya, domin dillali ya fi jin kunyar abokan sana'arsa fiye da taka. A Kano wasu kan kai Hisbah a yi sulhu. Akwai cibiyoyin sulhu na Multi-Door da ke ƙarƙashin manyan kotuna a Kano da Abuja da Legas. Akwai kuma FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wadda ke karɓar ƙorafi ta intanet.

Ofishin 'yan sanda ba ya cikin jerin nan. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko bashi kawai. In an kira ka, je da takardunka da lauya ko wani babba, kuma kada ka sa hannu a kan sabon alkawarin biya don kawai a sake ka. Sai dai fa in ka sayar da motar da ba ta zama taka ba tukuna, wannan ya tashi daga bashi ya koma laifi.

In sulhu ya ƙi, sai kotu. Kotun ƙananan ƙararraki, wadda Legas ta fara a 2018 Kano ta biyo a 2019, an tsara ta ne a gama shari'a cikin kwana 60, kuma kana iya tsayawa da kanka ba lauya. Tana da iyakar kuɗin da take saurara, don haka tambayi rajistara kafin ka cike fom. Maganar ƙwace mota bayan kashi uku cikin biyar kuwa, a ganina ka ɗauki lauya.

Wataƙila kuma ka auna ka ga motar ta fi ƙarfinka. Doka ta ba ka damar kawo ƙarshen yarjejeniyar da sanarwa a rubuce, ka mayar da mota, ka biya abin da ya taru, in jimillar ba ta kai rabin farashi ba ka cike zuwa rabi, sai kuma diyya in ka yi sakaci da ita. Ranar mayarwa a zagaya motar tare, a ɗauki hoto ciki da waje, a ba ka takardar cewa an karɓa. In kuwa kai ka gama biya, kada ka bar wurin sai da takardar canjin mallaka, da asalin takardun kwastan, da ɗaya makullin, kuma a cire tiraka a gabanka.