Yadda Ake Samun Sabbin Kuɗi Domin Jan Ambulan Na Sabuwar Shekarar Sinawa

Duk wanda ya yi yawon Sallah yana yaro a Bauchi ya san cewa naira hamsin sabuwa fil ta fi daɗin karɓa a kan naira ɗari da ta sha hannun masu kayan miya a kasuwar Wunti. Sinawa ma haka suke, sai dai su sun mayar da abin al'ada mai ƙa'idoji. A lokacin sabuwar shekararsu ta gargajiya, wadda suke kira Bikin Bazara, manya suna saka kuɗi a cikin jan ambulan su ba yara da waɗanda ba su yi aure ba, masu kamfanoni kuma su ba ma'aikatansu. Sunan ambulan ɗin hongbao a bakin yawancin Sinawa, mutanen Guangzhou da Hong Kong suna cewa laisi, a Singafo da Malesiya kuma angpau. Kuɗin da ke ciki ana so ya zama sabo, domin a wurinsu shekara sabuwa ba a shigarta da tsohon abu.

Wannan bayani na waɗanda harka ta haɗa su da Sinawa ne: ɗan kasuwar da yake saro kaya daga Guangzhou ko Yiwu, ɗan kwangilar da yake aiki tare da su a wurin gina hanya ko haƙar ma'adinai, da ɗalibin da ya yi karatu a can ya bar abokai masu 'ya'ya. Wanda yake da shakka ta fuskar addini game da kyauta a bikin da ba nasa ba, malaminsa ya kamata ya tambaya. Abin da ke gabanmu a nan shi ne yadda ake samun kuɗin.

Abu na farko shi ne sanin ranar, domin ba ta tsayawa wuri ɗaya. Kalandar gargajiya ta Sin tana bin wata tare da la'akari da rana, saboda haka bikin yana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2025 ya kama 29 ga Janairu, a 2026 ya kama 17 ga Fabrairu, a 2027 kuma 6 ga Fabrairu. Ana ci gaba da ba da ambulan har kwana 15, zuwa ranar bikin fitilu. Sai dai yawancin Sinawan da ke aiki a ƙasashen waje suna ƙoƙarin komawa gida kafin jajibiri, saboda cin abincin daren jajibiri tare da iyali shi ne ginshiƙin bikin. Don haka idan abokin harkarka zai yi tafiya, ranar tashinsa ce wa'adinka, ba ranar bikin ba. Ka ƙirga mako uku zuwa huɗu baya daga wannan rana, nan ne ya kamata ka fara neman kuɗin.

Kafin ka je banki, ka zauna da takarda ka rubuta mutum nawa za ka ba da kuma nawa za ka saka wa kowa, domin wannan lissafi ne zai nuna maka irin takardun da za ka nema. A nan ne aka fi yin kuskure. Sinawa suna gudun lamba 4 saboda furucinta ya yi kusa da kalmar mutuwa a harshensu, suna kuma son 8 saboda furucinta ya yi kusa da kalmar arziki. Lamba 6 ma abin so ce, tana nuna tafiyar al'amura sumul. An fi son adadin da yake rabuwa biyu daidai, tun da mara ana danganta shi da kuɗin ta'aziyya. Ke nan naira 4,000 ko 14,000 ko 40,000 ba su dace ba, ko da kuwa niyyarka fara ce tas, amma 2,000 da 6,000 da 8,000 da 20,000 duk sun yi. Idan kana son 8,800, to ka haɗa 'yan dubu-dubu takwas da ɗari biyar ɗaya da ɗari biyu ɗaya da ɗari ɗaya, maimakon ka cika da 'yan ɗari bibbiyu guda huɗu. Wannan na ƙarshe ra'ayina ne kawai, amma wanda yake gudun lamba yakan lura da ita ko a ƙirgen takardu.

Yawan kuɗin bai kai tsabtarsu da dacewar lambar muhimmanci ba. A lardin Guangdong, inda yawancin 'yan kasuwarmu suke zuwa, an san mutanen da saka ƙananan kuɗi, yuan (kuɗin Sin) 10 ko 20 ko 50, suna rabawa mutane da yawa har da maigadi da mai shara, kamar dai yadda dattijo a nan yake canjin 'yan hamsin-hamsin domin duk yaron da ya shigo gaisuwar Sallah ya samu rabonsa. A wasu lardunan kuwa ɗaruruwa ake sakawa. Tsabar ƙarfe ba ta shiga ambulan.

Ka kuma tabbata cewa kai mai bayarwa ne. Idan kai ma'aikaci ne a ƙarƙashin Basine, shi ne zai ba ka, ba kai za ka ba shi ba. Abin da ya dace da kai shi ne ka ba 'ya'yansa idan suna nan. Miƙa wa babban jami'i ambulan mai nauyi a lokacin da takardar kwangilarka take kan teburinsa kuwa, ko a Sin ko a Najeriya sunansa ɗaya, kuma jan launi ba ya canza masa suna.

Yanzu sai hanyar samun kuɗin a Bauchi. Babban Bankin Najeriya yana da reshe a garin, amma ba ya canja wa ɗaiɗaikun mutane kuɗi a kan kanta; bankunan kasuwanci yake ba wa, su kuma su ba abokan hulɗarsu. Saboda haka reshen da kake da asusu a cikinsa nan ne wurin zuwa, kuma ba wurin kashiya za ka fara ba. Ka nemi jami'in da ke kula da asusunka ko shugaban sashen kuɗi, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka gaya masa adadin da kake so da irin takardun da ranar da kake buƙatarsu, sannan ka roƙi a kira ka idan sababbi sun shigo. Banki ba ya samun sabbin kuɗi kullum, kuma idan sun zo ba sa daɗewa, shi ya sa wanda ya bar saƙo tun da wuri yake riga wanda ya zo da safiyar ranar yana gaggawa. Wani abokina da yake kawo kayan sola daga Guangzhou ya taɓa jira sai ana gobe baƙonsa zai tashi, ya zaga rassa uku a ranar Juma'a, amsa ɗaya aka ba shi a ko'ina: "Alhaji, ka yi haƙuri, da ka faɗa mana tun makon jiya."

Lokacin ma yana da nasa tasiri. Watan Disamba ne ake wawar sabbin kuɗi saboda Kirsimeti da bukukuwan aure na ƙarshen shekara, sai kuma gab da Sallah. Bikin Sinawa yana biyo bayan Disamba, kuma a 'yan shekarun nan yana zuwa daf da azumi, wato kafin masu neman kuɗin barka da Sallah su cika bankuna. Wanda ya yi dabara yana iya neman na bukukuwan biyu a lokaci guda ya adana.

Rafa ɗaya takarda 100 ce, kuma banki ya fi sauƙin ba ka cikakkiyar rafa a kan ya ɓalle ta ya ƙirga maka 37. Idan buƙatarka ba ta kai haka ba, ku haɗu ku biyu ko uku ku raba. Ka tuna kuma cewa akwai iyakar tsabar kuɗin da mutum ɗaya yake cirewa a mako, naira 500,000, wadda idan aka haura ta sai an biya caji. Ga mai son launi ya dace, sabuwar naira 200 da aka sake wa fasali, wadda ta fara yawo ranar 15 ga Disamba 2022, tana da jaja-jajan launi, ga hoton Sardauna Ahmadu Bello a jiki, abin da zai ba ka abin faɗa idan baƙon ya tambaya. Tsofaffin samfurin 200 da 500 da 1,000 ma suna nan da halascinsu bisa hukuncin Kotun Ƙoli na Nuwamba 2023, don haka idan su aka ba ka miƙaƙƙu ba su da aibi. Ka ƙirga kuɗinka a gaban kanta kafin ka juya baya, ka duba cewa lambobin jikin takardun suna bin juna.

Akwai wata hanya da kowa ya sani, wato masu sayar da sabbin kuɗi a bakin wuraren biki saboda masu liƙi. Ban ba ka shawarar binta ba. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta sayar da naira da liƙa ta da tattaka ta da yin rubutu a jikinta, kuma hukuncin shi ne ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. A Disamba 2024 Babban Bankin ya sanya tarar naira miliyan 150 a kan duk reshen da aka kama yana zurara wa irin waɗannan 'yan talla sabbin kuɗi. Ban da doka, malamai sun daɗe suna bayyana cewa musayar naira da naira tare da ƙari riba ce, komai sabuntar ɗayan. Sannan a cikin rafar da aka saya a bakin titi da magariba ne jabu yake samun wurin ɓuya, ko a tarar da takarda 96 maimakon 100.

Idan duk ka yi ƙoƙari sababbin ba su samu ba, kada ka fasa. Ka roƙi kashiya ya tsamo maka masu tsabta, marasa yagewa da rubutu da tabon manja, ko ka gwada na'urar ATM da ke jikin reshen da safe bayan an zuba mata kuɗi. Wannan ba ƙasƙanci ba ne, domin su kansu masu al'adar sun fara karkata can. Hukumar kuɗi ta Hong Kong ta daɗe tana kiran jama'a su karɓi takardun da suka yi kama da sababbi, hukumar kuɗi ta Singafo ma tana yin irin wannan kira saboda rage asarar buga kuɗin da ake amfani da su sau ɗaya a mayar banki. Idan ka kawo su gida, ka shimfiɗa su a tsakiyar littafi mai nauyi, nesa da ƙurar hunturu, har kwana biyu ko uku. Kada ka sa musu dutsen guga, musamman 'yan 5 da 10 da 20 da 50, waɗanda na leda ne kuma zafi yana ƙanƙance su nan take.

Wanda bikin zai same shi a can kuwa, lamarinsa ya fi sauƙi. A Sin bankuna sun saba da wannan buƙata, mutum yana zuwa da fasfo ɗinsa makonni biyu kafin bikin ya nemi canji, kuma takardar yuan 100 ja ce da ma. A Hong Kong bankuna uku ne suke fitar da takardun kuɗi, wato HSBC da Standard Chartered da Bank of China, kuma suna ware ranaku na musamman domin canjin. A Singafo tun 2021 sai mutum ya kama gurbi ta intanet kafin ya je bankin DBS ko OCBC ko UOB, in ban da masu shekara 60 zuwa sama da masu buƙata ta musamman. Mai son tafiya da yuan daga nan zai fi samunsu wurin 'yan canji masu lasisi a Kano ko Abuja, ya kuma sani cewa Sin ba ta yarda a shiga ko a fita da tsabar da ta wuce yuan 20,000 ba. Ga mai asusun WeChat, manhajar sada zumunta ta Sinawa, tun 2014 ana aika jan ambulan ta waya, kowane ɗaya bai wuce yuan 200 ba, kuma matasa sun karɓi wannan hannu bibbiyu, ko da yake dattawa har yanzu sun fi son abin da za su riƙe a hannu.

Saura ambulan ɗin kansa. Farin ambulan da muke saka gudummawar biki a ciki shi ne na makoki a wurinsu, don haka ko kusa kada a yi amfani da shi. Mafi sauƙi shi ne ka sa a sako maka fakiti ɗaya a cikin kayanka daga Guangzhou, ko ka roƙi wani Basine ya sam maka, tun da suna da su da yawa a wannan lokaci. Ka nuna masa rubutun da ke jiki kafin ka yi amfani da shi, domin akwai na aure, akwai mai ɗauke da sunan wani iyali, akwai kuma mai hoton dabbar shekarar da ta wuce. Idan babu, jar takarda mai kauri daga shagon kayan rubutu ta isa a naɗe a manne. Ka saka kuɗin a miƙe idan ambulan ɗin ya ɗauka, ba tare da ƙusar takarda ba, ka kuma yi wa kowane ambulan ƙaramar alama da fensir a baya domin kada na yaro ya tafi hannun babba.

Da hannu biyu ake miƙawa, da hannu biyu ake karɓa, ana cewa "Shin-niyan kwai-la", wato barka da sabuwar shekara. Wanda aka ba ba zai buɗe a gabanka ba, zai sa a aljihu ya yi godiya, kai ma haka za ka yi idan aka miƙo maka naka.